Cece-kuce kan katun: Kada a bar jaki ana dukan taiki



Dogon hutu ya kama, yara suna gida tun safe har dare. A yawancin gidajenmu nan Keffi, daga Angwan Lambu zuwa Tudun Wada da Dadin Kowa, abu ɗaya ne ke iya zaunar da su wuri guda uwa ta samu ta ɗora tukunya: katun. In akwai wuta a kunna talabijin, in babu a miƙa waya. Kuma kamar yadda aka saba duk hutu, saƙon nan ya sake dawowa zaurukan WhatsApp na iyaye da na makarantu, ɗauke da jerin sunayen fina-finan zane da gargaɗin cewa ana lalata mana tarbiyyar yara, a tura wa kowa. Wasu daga cikinku sun aiko suna tambayar ko gaskiya ne, ko kuwa irin jita-jitar da aka saba ce.

Ni ba 'yar fim ba ce, aikina harhaɗa magunguna. Amma rabin aikin nan karanta takardar da ke jikin kwali ne: me ke ciki, wa ya dace ya sha, nawa zai sha, me zai iya biyo baya. Da wannan idon zan duba maganar. Akwai gaskiya a cikin saƙon da ake yaɗawa. Sai dai ya kama ɓangare ɗaya ya ƙanƙame, ya bar wasu ɓangarorin da nake ganin illarsu da idona a bakin kanta.

Asalin rigimar

A tsakiyar 2016 labari ya bazu a Najeriya cewa wani shirin tashar Nickelodeon mai suna The Loud House zai nuna wani yaro da iyayensa biyu duk maza ne. Iyaye suka yi ca, har kamfanin da ke da tashar ya sanar cewa ba zai haska wannan kashin a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba. Shekara guda bayan haka, a watan Yunin 2017, hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta shirye-shiryen katun shida, ciki har da shi The Loud House ɗin da Steven Universe da Adventure Time, bisa zargin suna tallata auren jinsi. Mafi yawan jerin sunayen da ke yawo a wayoyinmu yau daga wancan lokacin aka gado su, ana dai sake musu riga ne.

A 2020 ƙasashen Kuwait da Oman da Qatar da Saudiyya suka hana nuna fim ɗin Onward na kamfanin Pixar saboda jimla ɗaya tak da wata 'yar sanda ta furta game da budurwarta. Wadda ta fi ƙara ita ce ta watan Yunin 2022, lokacin da ƙasashe fiye da goma, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar, suka ƙi yarda a nuna Lightyear saboda wata sumba ta 'yan daƙiƙoƙi tsakanin mata biyu da aka nuna a matsayin ma'aurata.

Abin da saƙonnin WhatsApp ba sa faɗa muku shi ne, a can Amurka ma ba a kan bakinsu ɗaya suke ba. An taɓa cire wannan sumbar daga fim ɗin, aka maido ta a watan Maris na 2022 bayan ma'aikatan Pixar sun yi ƙorafi, a daidai lokacin da kamfanin Disney ke cikin taƙaddama kan wata dokar jihar Florida da ta taƙaita koyar da batutuwan jinsi a ƙananan azuzuwan firamare. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 200 wajen shiryawa, abin da ya tara a silimomin duniya bai wuce miliyan 226 ba, wanda a lissafinsu faɗuwa ce. Strange World da ya biyo baya a ƙarshen shekarar, mai ɗauke da irin wannan jigon, ya fi shi faɗuwa. Masu sharhi sun yi ta jayayya kan ko jigon ne ya jawo ko kuwa fina-finan ne ba su yi armashi ba. Ko ma dai mene ne, a Disambar 2024 Disney ya cire labarin wani mai sauya jinsi daga shirinsa na Win or Lose, yana mai cewa iyaye da yawa sun fi so su tattauna irin waɗannan batutuwa da 'ya'yansu da kansu, a lokacin da suka ga ya dace.

Matsayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne. Masallaci da coci a garin nan sun yi tarayya a kan wannan batu, kuma dokar ƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2014 ta hana auren jinsi. Uban da ya ce ba a kallon fim kaza a gidansa bai yi laifin komai ba, haƙƙinsa ne, kuma ba ya bukatar ya nemi afuwar kowa. Ni ma akwai waɗanda ba na kunnawa. Tambayata ita ce: bayan ka hana waɗannan huɗu ko biyar da sunansu ya fito a jarida, ka san abin da ke cikin sauran ɗaruruwan da ɗanka ke kallo?

Magani ba kwali

Duk mai sayar da magani na ƙwarai ya san haɗarin ƙwayar da aka ƙulle a leda ba suna, ba ranar lalacewa. Haka katun ke shigowa gidajenmu. Iyalai ƙalilan ne ke kwasar yara su ratsa cunkoson Mararaba da Nyanya zuwa silimomin Abuja, inda ake manna shekarun da suka dace a jikin allon talla. Mafi yawanmu a wajen masu tura fina-finai muke samu: a ba yaro ɗan kuɗi da memori, a cika masa. Mai turawa bai kalli abin da ya tura ba, in ya ga zane ne sai ya jefa shi a jakar yara. Sauran kuma YouTube ne da TikTok, inda bidiyo ke jawo bidiyo ba tare da kowa ya zaɓa ba.

Muna da hukumomi. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana rarraba fina-finai da alamomi: G na kowa da kowa, PG wanda ake so babba ya kasance a kusa, sai 12 da 12A da 15 da 18. Kano na da tata hukumar tun 2001. Amma ikon waɗannan hukumomi ya fi ƙarfi a silima da kasuwar fim da gidajen talabijin. Hannunsu ba ya kai wa wayar da ke ƙarƙashin filon ɗanki.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka zana na yara ne. Zane hanya ce ta ba da labari, ba shekaru ba ne. Family Guy da South Park katun ne, amma don manya aka yi su, cike suke da batsa da ashar. Sausage Party na 2016 in ka ga hotonsa za ka rantse na 'yan nazire ne, kayan abinci ne masu ido da baki suna waƙa, alhali a Amurka an sa masa alamar da ke hana yaro ɗan ƙasa da 17 shiga sai da babba. Katun ɗin Japan da samarinmu ke so, wasu na yara ne, wasu kuwa jini da tsiraicin da ke cikinsu ya fi na fim ɗin mutane. A 2017 kuma aka bankaɗo dubban bidiyoyi a YouTube da wasu ɓata-gari suka haɗa da fuskokin taurarin da yara suka sani, irin su Elsa da Spider-Man da Peppa Pig, suna aikata abubuwan ban tsoro da na rashin kunya. Kamfanin ya goge da yawa, amma irinsu ba su ƙare ba. Babu wata ƙasa da ta fitar da sanarwa a kan waɗannan ɗaya bayan ɗaya, don ba su da suna balle a sa su a jeri.

To kun ga inda aka bar jakin.

Abin da muke jin nauyin faɗa

Yanzu bari in zo ɓangaren da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Kalmar "saƙon ɓoye" ta zama buhu, ana zuba komai a ciki. Duk fim ɗin da ya taɓo wani abu na rayuwa da ba mu saba furtawa ba, sai a haɗa shi da waɗancan a yi masa kuɗin goro. A nan nake ganin muna cutar kanmu.

Ɗauki Turning Red, wanda Pixar ya fitar a Maris 2022. Labarin yarinya ce 'yar shekara 13, 'yar asalin Sin da ke zaune a Toronto ta Kanada, wadda ke rikiɗa ta zama wata jar dabba duk lokacin da ranta ya motsa. A wani wuri uwarta ta zaci al'ada ce ta zo mata, ta rugo da audugar mata da maganin ciwo. Wannan ɗan wurin ya tayar da ƙura a ƙasashe da dama, iyaye na cewa bai kamata yara su ji wannan ba. Akwai abin da ni ma ban so ba a fim ɗin, musamman yadda yarinyar ke yi wa uwarta ƙarya tana fita a ɓoye, kuma labarin ya ƙare kamar hakan ba wani abu ba ne. Wannan abin tattaunawa ne da 'yarki. Amma maganar al'ada?

Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15. A bakin kanta ina ganin abin da shirunmu ke haifarwa. Yarinya za ta shigo ta tsaya gefe har kowa ya watse, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma ba ta san sunan abin da take nema ba. Wata ta sha ibuprofen uku a tashi ɗaya da cikinta wayam saboda ƙawarta ta ce haka ake yi, ta zo tana riƙe da ƙirji. Wata tana haɗa maganin ciwo kala biyu masu aiki iri ɗaya, ba ta san tana ninka wa cikinta da ƙodarta wahala ba. Wata kuma jinin yana yi mata yawa wata da watanni, ta yi fari fat, ba ta gaya wa kowa ba don tana jin kunya. Waɗannan yaran ba katun ne ya cuce su ba. Abin mamakin shi ne addininmu bai ɗauki wannan a matsayin abin ɓoyewa ba, babin haila na cikin littattafan fiƙihu na farko da ake karantarwa a Islamiyya. Mu ne muka mayar da shi abin raɗa. In har wani fim zai sa 'yarki ta juyo ta ce, "Mama, mene ne wancan?" to ƙofa ce ta buɗe miki, ki shiga.

Haka Inside Out 2 na Yunin 2024, wanda ya tara fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Yarinya ce ta shiga shekarun balaga, aka siffanta abubuwan da ke kai-kawo a zuciyarta kamar mutane, cikinsu har da fargaba, wadda ta ƙwace ragama har numfashin yarinyar ya sarƙe a filin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ƙuncin rai na kan gaba. Mu a nan yaron da zuciyarsa ke bugawa kafin jarrabawa, hannunsa na rawa, ba ya barci, sai mu ce iskanci ne ko ragwanci, ko mu ce an yi masa baki. Wani lokaci uba ya zo ya ce a ba shi maganin ƙarin jini ko na taifod, da ka zauna da yaron minti biyar sai ka gane ba a jini matsalar take ba. Na ga yaran da wannan fim ya ba su kalmar da za su bayyana abin da ke damunsu. Ban ce fim magani ba ne. Yaron da fargaba ta hana shi makaranta ko abinci, asibiti za a kai shi, kuma muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan cikin gari.

Wannan jayayya ba yau aka fara ta ba. A 2002 shirin yara na Sesame a Afirka ta Kudu ya fito da wata 'yar tsana mai suna Kami, marainiya 'yar shekara biyar mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Wasu 'yan majalisar Amurka suka rubuta takardar ƙorafi, suna cewa kada a kuskura a kawo ta tasharsu. Da aka fara na Najeriya, Sesame Square, a tashar NTA a 2011, Kami na ciki, daga baya aka yi na Hausa. Abin da take koya wa yara bai wuce cewa ana wasa da mai wannan cuta, ana cin abinci da shi, amma ba a taɓa jinin kowa ba. Duk wanda ya taɓa miƙa wa uwa maganin ɗanta na wata-wata, ya ga yadda take cire kwalin ta cusa a ƙasan jaka kada maƙwabta su gani, ya san amfanin a ce yaran unguwa sun taso da wannan fahimtar.

Na kusa da mu shi ne Iwájú, mai kashi shida, wanda Disney ya yi da kamfanin Kugali na wasu matasa, biyu 'yan Najeriya ɗaya ɗan Uganda, aka fitar a Fabrairun 2024. Legas ce ta nan gaba: Tola 'yar mai kuɗi a tsibiri, Kole ɗan talaka da ke aiki a gidansu, da wani mai satar yaran masu hali don karɓar fansa. Wasu sun ce me ya kawo garkuwa da mutane cikin katun. Ni kuwa na ce wane yaro ne a Nasarawa ko Kaduna ko Neja bai taɓa jin manya na wannan zancen ba? Suna ji, suna tsorata, ba mai yi musu bayani. Ga ɗan shekara huɗu bai dace ba. Ga ɗan shekara goma da babba a gefensa, dama ce ta yi masa maganar bin baƙo da karɓar kyauta a hanya, da kuma yadda ake mu'amala da yaran da ke yi mana aiki a gida, wanda shi ma wani babi ne da ba mu cika son buɗewa ba.

Mu tuna ma cewa tatsuniyoyinmu ba su taɓa zama wasa zalla ba. Akwai kishi tsakanin mowa da bora, akwai marainiyar da matar uba ke gallaza wa, akwai Gizo da ke yaudarar kowa har matarsa Ƙoƙi, wani sa'in ma ya sha lafiya. Akwai dodo mai cin mutane. Bambancin shi ne mai ba da labarin tana zaune tare da yaran. Kaka tana ganin fuskar jikanta, in ta ga ya tsorata ta sassauta, in ya yi tambaya ta amsa, in Gizo ya yi ƙeta ta yi tsaki yaro ya gane ba abin koyi ba ne. Aro daga waje ma ba baƙon abu ba ne: Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, amma sai da ya tace su ya sa musu rigar gida. Waya ba ta tacewa, ba ta kuma ganin fuskar yaro.

Inda aƙida ta shigo ma haka ne. Coco na 2017 labari ne mai taɓa zuciya kan tsohuwar da mantuwa ta kama, abin da gidaje da yawa ke fama da shi ba su san ciwo ba ne. Amma an gina shi kan bikin matattu na mutanen Meziko, inda ake nuna mamata na dawowa ziyara. Yaro ɗan shekara tara zai iya fahimta in aka ce masa wannan al'adarsu ce, mu ga abin da muka yi imani da shi. Ɗan shekara huɗu da bai daɗe da rasa kakarsa ba zai iya kwana yana jiran ta dawo. Mutuwa kuwa ta cika fina-finan yara fiye da yadda ake zato. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2014 ya gano cewa manyan taurarin fina-finan katun sun fi na fina-finan manya yiwuwar mutuwa har ninki biyu da rabi, kuma sau da yawa iyayen tauraron ne ke mutuwa. Duk wanda ya kalli The Lion King da ƙaramin yaro ya san wurin da ake yin tsit.

Wanda ba a yi wa hayaniya ba

Akwai wani saƙo da ya daɗe a cikin katun wanda ban taɓa ganin an tura gargaɗi a kansa a WhatsApp ba. A 1999 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga binciken fina-finan katun 50 masu alamar G da aka yi tsakanin 1937 da 1997. Fiye da kashi biyu cikin uku sun nuna shan taba ko giya, kuma mutanen kirki na cikin labarin suna sha kamar yadda mugaye ke sha. Tom and Jerry da muke ɗauka shi ne mafi tsabta, a 2006 sai da aka yanke wasu wuraren shan taba daga cikinsa a Ingila bayan ƙorafin wani mai kallo. Tsofaffin kwafin da ba a yanke ba su ne a memorin yaranmu. A garin da ke cike da ɗalibai, inda shisha ta zama ado, wannan ya fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da abin da ake yi a Florida.

Sai kuma yawan abin. A wajenmu masu magani, ko farasitamol ne in ya wuce ƙima guba ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Yaro yana koyon magana ne daga mutumin da ke amsa masa, allo kuwa ba ya amsawa. Na san wannan ƙa'ida tana da wuya ga uwar da ke aiki a Abuja, ta fita da asuba ta dawo bayan isha, ko wadda ke da yara huɗu ba mai taimako. Ba zargi nake ba. Amma ko ba a kai ga awa ɗaya ba, ana iya ragewa, kuma wurin da ya fi dacewa a fara shi ne dare.

Dalilina shi ne abin da ke biyo baya. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 na bukatar barcin awa 10 zuwa 13, ɗan firamare 9 zuwa 12. Hasken waya da tashin hankalin labari suna jinkirta barci. Yaro ya kai sha ɗayan dare yana kallo, a karɓe waya ya hau kuka, sai washegari a zo kanti a ce a ba da "ɗan abin da zai sa shi barci". Abin da ake nufi shi ne maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa gyangyaɗi, irin su kulofeniramin da furometazin. Don Allah iyaye a daina. Ba don barci aka yi su ba. Furometazin an hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu saboda yana iya danne numfashi har a rasa rai. Wasu yaran kuma maimakon su yi barci sai maganin ya birkita su, su ƙara rashin natsuwa, uwa ta ga bai yi aiki ba ta ƙara cokali. Kashe allo awa guda kafin kwanciya, kwana uku zuwa mako ana jure rigimar, ya fi kowane ruwan magani da ke kan kantata.

Ga masu yaro mai farfaɗiya akwai ƙarin hattara. A Disambar 1997 an kwashi yara kusan 700 zuwa asibiti a Japan bayan wani kashi na Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi mai saurin gaske. Tun daga nan manyan gidajen talabijin ke kiyayewa, amma masu haɗa bidiyo a ɗaki su ɗora a intanet ba ruwansu. Kaɗan ne cikin masu farfaɗiya haske ke tayar musu da ita, sai dai in ɗanki na cikinsu, kada ya yi kallo a ɗaki mai duhu ko ya manna fuska a allo, kuma ki gaya wa likitansa in kin lura da wani abu.

To me za a kunna?

Ba a rasa na gida ba. Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙiro a Abuja, yara ne 'yan Najeriya da kakanninsu da abincinmu da tarihinmu. Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya yana koyar da ƙirga da haruffa, kuma akwai shi da Hausa. Masu son na addini da yawa sun san Omar & Hana na Malesiya. Ba su kai na Disney ƙyalli ba, kuɗin da aka zuba ba ɗaya ba ne, kuma yaron da ya saba da mai ƙyalli zai yi ƙorafi da farko. Da jami'ar jiharmu da ke nan Keffi da masu hannu da shuni za su waiwayi matasan da ke koyon zane a kwamfuta, da an rage dogaro da na waje. Har yau Gizo bai samu wanda ya yi masa fim ɗin da ya dace da shi ba.

Kafin nan, ga abin da ke hannunka. Sunan fim da kalmar shekaru in ka rubuta a Google, cikin minti biyu za ka ga alamar da aka sa masa da dalilin sa ta. Dikodar DStv da GOtv suna da wurin kulle tashoshi da lambar sirri, sai dai a canja lambar da ta zo da ita, don yaran sun riga sun san ta. A waya, YouTube Kids ya fi YouTube na manya, ko da yake shi ma ba a sakar masa yaro gaba ɗaya, kuma a kashe abin nan da ke sa bidiyo na bin bidiyo da kansa. In an kawo memori daga wajen masu turawa, kai uba ka buɗe jakar da daddare ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka gane ba ka ja shi gaba ka ga tsakiyarsa da ƙarshensa. Sabon fim kuma, kallon farko a yi shi a falo tare da babba, ko yaya ce ko goggo. In wani abu ya gifta wanda bai dace ba, kada a fizge rimot a yi shiru, domin shirun ne zai sa ya koma ya nemo shi shi kaɗai. A tsayar, a tambaye shi me ya gani, me ya fahimta. Sau da yawa za ki tarar bai ma lura da abin da ya tayar miki da hankali ba, wani wurin daban ne ya tsaya masa a rai, kamar inda uban zaki ya faɗo daga dutse bai sake tashi ba.

Masu tambaya kan maganin ciwon mara ga 'yan mata da yadda ake shan sa ba tare da an ji wa ciki ba, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.